Wa ya fi ƙarfi a cikin 'yan adawa? Ku tambaye mu da muka kwana a bakin akwati

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Malam Edita ina gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk ma'aikatanka. Don Allah ka ɗan sam min fili a jaridar nan taka mai farin jini, ko za a rage tsawon abin da na rubuto ba komai, amma dai kar a taɓa min lissafin da ke ciki don shi ne gundarin maganar.

Abin da ya sa na ɗauko waya nake wannan rubutu musu ne da muka kwana uku muna tafkawa a majalisarmu ta bakin teburin mai shayi nan cikin garin Daura, har ta kai shekaranjiya wasu aminai biyu da suka fi shekara ashirin suna cin tuwo kwano ɗaya sun tashi ko sallama babu. Kan mi? Kan wai wa ya fi ƙarfi cikin 'yan adawa da za a tsayar ya kara da Tinubu a 2027. Ɗaya ya rantse in ba Waziri Atiku ba babu, ɗayan ya ce ai Madugu Kwankwaso kawai, wani yaro mai sayar da data ya yi kasada ya ce Obi aka yi masa caa kamar ya zagi wani. Ni muryata ba ta kai tasu ba shi ya sa na ce bari in kawo tawa nan inda ba mai katse ni.

Ni ba ɗan siyasa ba ne, tela ne, da keke nake ci da iyalina. Amma sau huɗu ina zama ejan a rumfar zaɓe, kuma duk wanda ya taɓa wuni a bakin akwati tun sanyin safiya har a kunna fitila ya san abin da ake kira ƙarfin ɗan takara daban yake da abin da ake faɗa a Facebook. Su a majalisa da cikar filin taro suke auna ƙarfi, da yawan fosta da tsawon kwamba da kuma wanda sojojin bakansa suka fi iya zagi a rediyo. To in dai taro ne ai mu nan bai kamata a koya mana karatun ba, don ba a taɓa yin mai tara jama'a kamar marigayi Baba Buhari ba, Allah ya jiƙansa ya sa Aljanna ce makoma. Mutumin da in ya shigo gari sai an rufe kasuwa, yara su hau bishiya, tsofaffi su yi ta kuka. Amma sau nawa ya faɗi? Sau uku. 2003 ya samu ƙuri'a miliyan 12.7 Obasanjo ya wuce, 2007 ɗan uwansa Bakatsine marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa aka ba, 2011 a CPC ya samu miliyan 12.2 ya cinye jihohi 12 na Arewa, Jonathan ya tashi da miliyan 22 da wani abu. Ni ina cikin waɗanda suka yi a kasa a tsare a raka a shekarar, mun kasa mun tsare mun raka kuma akwatinmu mun cinye shi tas, amma da aka je aka haɗa da na Kudu sai muka ga ashe mu kaɗai muke ta kiɗanmu muna rawarmu.

Mi ya canza a 2015? Baban dai shi ne, bai ƙara tsawo ba bai ƙara kuɗi ba, mu masoyansa kuma ba ninkuwa muka yi ba. Abin da ya canza shi ne an yi maja tun da wuri. A 2011 ma an so a haɗa CPC da ACN amma sai ana saura 'yan kwanaki zaɓe ake ta zaman dare, maganar mataimaki ta wargaza komai, Ribadu na ACN ya tafi da kusan miliyan 2 nasa Shekarau ya tafi da nasa, ba a fafe gora ranar tafiya. Da suka ji jiki sai suka fara tun farkon 2013, ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA suka narke suka zama APC, INEC ta yi mata rajista ƙarshen watan Yuli na shekarar, kafin shekara ta ƙare gwamnonin PDP biyar suka shigo, Kwankwaso da Wamakko da Nyako da Amaechi da Abdulfatah na Kwara. Shekara biyu cur ana gini kafin a je akwati.

Amma wurin da nake so mai karatu ya tsaya ya duba da kyau shi ne zaɓen fidda gwanin da aka yi a filin wasa na Teslim Balogun a Legas cikin Disamba 2014. Buhari ya samu 3,430, Kwankwaso 974, Atiku 954, Rochas 624, Sam Nda-Isaiah 10. An ƙirga a bainar jama'a muna kallo a talabijin har gari ya waye. Kuma da aka gama ba wanda ya ɗauki jakarsa ya bar jam'iyya. Kwankwaso da ya zo na biyu ya koma Kano aka yi aiki, Kano ta ba Baba ƙuri'a miliyan 1.9, Atiku ya zauna, Amaechi ya riƙe kamfen, Tinubu ya kawo Osinbajo ya kawo Legas da Ogun da Oyo da Osun da Ondo. Nan ne miliyan 12 ta zama miliyan 15.4, Jonathan yana da 12.8, har ya ɗaga waya ya taya murna tun ba a gama sanarwa ba. Wannan shi ne karo ɗaya tak a tarihin ƙasar nan da aka kayar da shugaban ƙasa mai ci ta akwati, kuma wallahi waɗanda suka faɗi a Legas suna da kaso mai tsoka a nasarar.

Shi ya sa ni a wurina ɗan takara mafi ƙarfi shi ne wanda in ya ci tikiti sauran za su iya haɗiye ɓacin ransu su yi masa aiki da gaske, aikin da za su sa kuɗinsu da yaransu a ciki, ba su ɗaga hannunsa a gaban kyamara da rana ba da dare su aika a yi masa zagon ƙasa.

Ku dubi 2023 mana. PDP ta yi nata a Abuja ƙarshen watan Mayu 2022, daliget ɗari bakwai da wani abu kacal suka yanke wa jam'iyyar da ke da miliyoyin magoya baya hukunci, Tambuwal ya janye wa Atiku, Atiku ya samu 371 Wike 237. Tun kafin ranar Kwankwaso ya riga ya fice zuwa NNPP, Obi ya fice ana saura kwanaki ya koma Leba. Bayan an gama kuma maimakon a zauna a lallashi wanda ya zo na biyu sai aka shiga ja-in-ja kan kujerar shugaban jam'iyya Iyorchia Ayu, su Wike suna cewa ba zai yiwu ɗan takara da shugaban jam'iyya duk su fito daga Arewa ba, aka ɗauki Okowa mataimaki, gwamnoni biyar suka ja daga. Sakamako kowa ya gani. Tinubu 8,794,726, Atiku 6,984,520, Obi 6,101,533, Kwankwaso 1,496,687. Mutum ukun nan duk 'yan gida ɗaya ne a 2019, Obi ma shi ne mataimakin Atiku a lokacin. In ka tara nasu ya haura miliyan 14 da rabi, wanda ya ci kuma bai kai kashi 37 cikin ɗari ba. Ribas da Oyo da Binuwai duk gwamnonin PDP ne a kai amma Tinubu aka sanar ya ci su, yau Wike minista ne a Abuja. Wannan ba sai an kira malamin lissafi ba.

Sai dai fa in faɗa wa 'yan majalisarmu gaskiya, su ma masu tara lissafin nan a takarda suna cewa ai da an haɗu shi ke nan an gama, ƙuri'a ba buhun gero ba ce da za ka ɗauko daga wannan rumbu ka juye a wancan. Matashin da ya sha rana a Anambra ko Legas don Obi ba dole ba ne ya fito don Atiku, yana iya kwanciyarsa a gida. Ɗan jar hula na Kano in ka ce masa Madugu mataimaki zai yi wa wani, sai ka yi da gaske kafin ya saurare ka. Dattijon da ke Mai'aduwa ko Baure in aka kawo masa wanda bai taɓa jin muryarsa da Hausa a rediyo ba, zai ce maka "wanga kau ɗan wane gari ne?" Saboda haka tambayar da ya kamata masu zaman Abuja su yi ita ce, a cikin mutanen nan wa zai fi riƙe nasa kuma ya fi jawo na sauran ba tare da rabi ya zube a hanya ba.

Kowannensu kuma da inda takalmi ke matsa masa. Waziri yana da mutane a kowace jiha, wannan ba a ƙwace masa ba, tun 1993 yake cikin neman nan, har nan Katsina jihar shugaban ƙasa mai ci a lokacin shi ya ci a 2023 da ratar da ba ta kai dubu goma ba. Amma haihuwar 1946 ne, ranar zaɓe ya cika tamanin, kuma 'yan Kudu za su ce Arewa ta yi takwas ɗinta da Buhari a bar su su cika tasu, wannan magana ta karɓa-karɓa ko ba ta cikin tsarin mulki tana cikin zukatan mutane. Obi ya ba kowa mamaki, ya ci Legas gidan Tinubu ya ci Abuja ba shi da gwamna ko ɗaya, amma a duk faɗin jihar Katsina ƙuri'arsa ba ta kai dubu goma ba, kuma ba a zama shugaban Najeriya an tsallake Arewa maso Yamma. Madugu kuwa a Kano ba a ja da shi, kusan miliyan ɗaya ya samu can, to amma cire Kano ka ga abin da ya rage a sauran jihohi 35. Tsarin mulki kuma ba ruwansa da yawan masoyanka a gida, cewa ya yi sai ka fi kowa ƙuri'a sannan ka samu kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi, wato 24. Tun zamanin Shagari a 1979 ake rigima kan wannan lissafi, manyanmu na tuna shari'ar sha biyu da biyu bisa uku.

Akwai kuma masu yawo yanzu suna cewa su ne magada ƙuri'a miliyan 12 ta Baba. Tun da aka yi jana'izarsa nan Daura a watan Yuli 2025 muke ganin manyan motoci suna shigowa ta'aziyya da ziyara, Allah ya ba da lada, ba mu hana kowa ba. Amma ƙuri'ar nan ba gona ba ce balle a raba gado. Mutane sun ba shi ne don sun yarda ba zai ci kuɗinsu ba, kuma ko yana raye yana kan kujera ai an ga yadda ta kaya a Katsina, ya ɗaga takardar ƙuri'arsa ya nuna wa duniya wanda ya zaɓa amma jihar ta tafi wani wurin a zaɓen shugaban ƙasa, bayan sati uku kuma mutanen nan dai suka juyo suka zaɓi Dikko Raɗɗa na APC gwamna. Talakan yanzu ya iya wake da shinkafa, zamanin sak ya wuce.

Bari in ba ku labarin abin da ya faru da ni, ba zan faɗi shekara ko jam'iyya ko sunan kowa ba. An tura ni ejan wani ƙauye, ɗan takararmu a lokacin in ka ga fostocinsa da kwambar motocinsa za ka ce an gama zaɓe. An ce mu fita da asuba kuɗin abinci da na mota za su same mu a can. Na hau ɗan acaɓa da kuɗina. Ƙarfe goma na kira kodinetan mazaɓa waya a kashe, azahar a kashe, la'asar a kashe. Ejan ɗin ɗaya ɓangaren yana gefena an kawo masa taliya da kifi a leda da fiya wata mai sanyi, ga fawa bank ga tocila sabuwa, har bawan Allah ya tausaya min ya miƙo min rabi, na ci kuwa don yunwa ba ta san jam'iyya ba. Ni na daure har aka ƙirga da hasken waya, na sa hannu na karɓi kofin takardar sakamako na ninke na sa a aljihun 'yar shara. Amma rumfuna biyu da ke kusa da ni yaranmu tun azahar suka sulale, ɗaya ma cewa ya yi zai je sallah bai dawo ba. Ban ce an yi aringizo a can ba don ban gani da idona ba, sai dai akwatin da ba ka da mutum a kai kuma ba ka da takarda a hannu, ko an yi maka mi za ka nuna wa alƙali? Har yau kuɗin nan ban gan su ba, takardar kuma da na kai ofis washegari ban samu wanda zan miƙa wa ba, tana nan cikin durowar kekena tare da zare da allurai.

Rumfunan zaɓe a ƙasar nan 176,846 ne. In ejan ɗaya kawai za ka sa a kowace ka ba shi naira dubu goma, kana maganar kusan biliyan 1.8 ke nan a wuni ɗaya, ban da masu raka sakamako zuwa mazaɓa da ƙaramar hukuma. Mu nan Katsina kaɗai ƙananan hukumomi 34 ne mazaɓu 361, wasunsu kamar yankin Batsari da Safana da Jibiya da Faskari sai mai ƙarfin hali zai yarda ya kwana a bakin akwati saboda halin tsaro. Shugaba mai ci yana da gwamnoni da ciyamomi da kansiloli da za su yi masa wannan aiki ko bai tambaya ba. Kai ɗan adawa wa zai yi maka? Na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS da shafin ɗora sakamako na IReV sun taimaka ba a musu, amma mun ga yadda sakamakon shugaban ƙasa ya ƙi hawa intanet a kan lokaci a 2023 aka ce matsalar na'ura ce, ranar nan wanda yake da takarda a hannu shi ne mai magana. To duk wanda zai ce min gwaninsa ya fi ƙarfi, ya fara gaya min mutum nawa yake da su a mazaɓar Sarkin Yara da za su wuni ba su gudu ba.

Sai maganar daliget, wadda ita ce ta fi ci min rai. Ina da maƙwabci da aka taɓa ɗauka daliget aka kai su otal aka kwana biyu, ya dawo da sabon babur da waya mai ido uku, ya kawo min shadda kala huɗu in ɗinka masa, har yana ba mu labarin yadda ake shigo musu ɗaki da ambulan cikin dare wannan ya fita wancan ya shigo, kowa ya karɓa ya ce masa insha Allahu. Na ce to wa ka zaɓa? Ya ce wanda ya fi nauyi mana. Ranar babban zaɓe wallahi ban gan shi a layi ba, ashe ya tafi cin kasuwa. Irin waɗannan su ne suka riƙa zaɓo mana wanda za a ce shi ne mafi ƙarfi, alhali abin da aka auna aljihu ne. Kuma mai aljihun nan in ya zo babban zaɓe zai tarar da wanda ya fi shi, don ba ka fi gwamnati kuɗi ba. Ƙato bayan ƙato ya fi min, duk da shi ma na san in ba rajistar 'yan jam'iyya ta gaskiya sai a rubuta lamba a ɗaki a fito a karanta. Masalaha kuma dokar zaɓe ta 2022 cewa ta yi sai duk masu nema sun sa hannu a rubuce sun yarda, in ba haka ba ɗauki-ɗora ce aka canza wa suna. Kuma kar a manta da masalahar da kwamitin marigayi Adamu Ciroma ya yi a 2010, ya tsayar da Atiku a kan IBB da Aliyu Gusau da Saraki a matsayin ɗan takarar Arewa, aka je fidda gwani Jonathan ya samu 2,736 shi 805. Dattawa sun zaɓa amma gwamnonin da ke riƙe da daliget ba su bi ba.

Masu cewa a ba su zango ɗaya kawai za su yi su sauka, su ma a yi hattara. A Gambiya a 2016 jam'iyyun adawa sun haɗu sun tsayar da Adama Barrow wanda ko a ƙasar ba kowa ya san shi ba, don dai shi ne wanda duk suka iya yarda da shi, kuma ya kayar da Yahya Jammeh da ya shekara 22 a kai. Wannan ya nuna ba lallai sai mai babban suna ba. Amma alkawarin da ya yi musu shekara uku zai yi ya sauka, da ya ɗanɗana kujera sai ya ce tsarin mulki biyar ya ba shi, ya cika biyar ɗin ya sake tsayawa. Saboda haka in za a yi irin wannan yarjejeniya a nan, wanda zai haƙura ya san da wa yake yi.

Kar kuma 'yan adawa su ɗauka tsadar rayuwa kaɗai za ta yi musu kamfen. E, tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 kowa na ji a jikinsa, ni da nake ɗinki na san mutum nawa suka daina ɗinka wa 'ya'yansu kayan sallah kala biyu suka koma ɗaya, wasu ma sai dai a kawo tsohuwa a rage. Amma mai jin haushi abu biyu yake iya yi, ko ya fito ya zaɓi wani ko ya ce duk kanwar ja ce ya zauna a gida, kuma a 2023 cikin masu rajista sama da miliyan 93 waɗanda suka fito ba su kai miliyan 25 ba. In aka kawo masa fuskar da bai yarda da ita ba, ko ya ga waɗanda suka haɗu ɗin tun yanzu suna zagin juna, zaman gidan zai zaɓa, shi kuma mai ci abin da yake so ke nan. Haɗakar da aka ƙaddamar a ADC da su David Mark a watan Yuli 2025 na ji ana ta yabonta a majalisa, ni dai na ce ba ranar ɗaurin aure ake gane zaman gida ba, ku bari a zo rabon tikiti.

Roƙona gare ka Malam Edita, duk cikinsu wanda wakilinka ya samu ya yi hira da shi, kafin a shiga dogon turancin tattalin arziki ya tambaye shi da Hausa ƙarara, in ka faɗi a fidda gwani za ka zauna ka yi wa wanda ya ci aiki ko za ka nemi wata jam'iyyar? Ya ba da amsa e ko a'a, ku buga ta da manyan baƙaƙe, mu kuma za mu yanke shafin mu ajiye. Ni nawa zan sa shi cikin durowar nan kusa da waccan takardar.

Su kuma aminan nan nawa biyu har yanzu ba su shirya ba, kowa ya canza wurin zama, mai shayi ya ce shi ba ruwansa da Waziri ko Madugu su dai zo su biya shi bashin ƙwai da burodi na sati biyu da ke kansu.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani tela, tsohon ejan,
daga Daura, Jihar Katsina.